Wayar da Ta Tsinke a Kan Yaya Hansai

Da wannan cirar gyaɗar da muke ciki, shekara tara ke nan da muka kai Yaya Hansai makwancinta. Ana cewa yau da gobe tana huce zuciya. Tawa dai ba ta huce ba, kuma na daina jin kunyar faɗar haka. Na yi imani da mutuwa, na san kowa da ranarsa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne yadda aka ɗauki sakacin mutane aka naɗe shi da sunan ƙaddara, aka miƙo mana, aka ce mu karɓa da hannu biyu.

Yayata ce, ciki ɗaya, ita ta raine ni bayan rasuwar Innarmu. Doguwa ce mai murya, in ta yi dariya a tsakar gida sai an ji a ƙofar masallaci. Ba zan mayar da ita waliyyiya don ta mutu ba. Tana da faɗa, in ta kama magana ba ta saki, kuma ni kaina na sha ranƙwashinta har bayan na yi aure. Ƙauyenmu yana tsakanin Ɗanbatta da Kunci, inda gona take jingine da gona, kuma a gabas da gari akwai wani babban dutse da mata suke shanya kuɓewa da barkono a kansa tun kaka da kakanni.

Wannan dutsen ne wani kamfani ya zo ya kama. Da nakiya suka fara. Kullum da hantsi sai ƙasa ta girgiza, bangon ɗakuna suka tsattsage, rijiyar unguwarmu ta rufta. Maza suka je wurin dagaci suka dawo da "a yi haƙuri". Yaya Hansai ba ta je wurin kowa ba. Matan unguwa ta tara, suka mirgino turamensu suka jera a tsakiyar hanyar da motocin dutse suke bi, suka zauna suna surfen gero. Direbobi suka yi ta danna oda, ko kallonsu ba a yi ba. Sai da wani babba a kamfanin ya zo da kansa ya yi alkawarin za a bar nakiya. Daga baya na gane su ma dama sun fi son dutsen a yanke, domin shi ake gogewa a shimfiɗa a manyan gidajen Kano. Amma a lokacin, duk garin cewa ake yi Hansai ce ta kashe bakin nakiya.

Haka injin waya ya iso garinmu, ni kuma na samu aiki a ɓangaren huda dutse. Bari in yi wa mai karatu bayani, domin sai an san wayar za a gane laifin. Igiya ce ta ƙarfe da aka jera wa ƙwayoyi kamar carbi, kowace ƙwaya da ɓarɓashin lu'ulu'u a jikinta. Mu masu huda mukan yi rami biyu su haɗu a cikin dutsen, a zura wayar, a haɗe bakinta biyu, a ɗora ta a kan babbar tayar inji. Injin yana juya ta da gudun da ido ba ya iya bi, ana zuba ruwa, shi kuma yana ja da baya a hankali a kan ɗan layin dogonsa. Wannan jan shi ne ran aikin. In wayar ta yi sako-sako sai ta riƙa lilo, yankan ya karkace, ko ta sauka daga kan taya. In aka ja ta fiye da ƙima, mahaɗinta ne zai gaji ya ɓalle. Akwai agogo mai allura da yake nuna nauyin da injin yake ɗauka, akwai garkuwar ƙarfe da ake kafawa a bayansa. Kuma tun ranar farko aka koya mana: in yanka ya kusa ƙarewa, wayar takan lanƙwashe sosai a ciki, to a nan ake sassauta ja. Sannan ba a tsayawa saitin waya, ko daga nesa.

Yaya Hansai ta fi kowa murna da zuwan injin. Ta fara kawo wa ma'aikata shinkafa da wake, tana zama ƙarƙashin wani marke can gefe. Ina tuna ta tana kallon ruwa yana gangarowa daga jikin dutsen, ta ce mini, "Ka ga aikin hankali, Mudi. Ba tsawa, ba girgiza, jariri ma ya yi barcinsa." Ashe gudun gara muka yi muka faɗa gidan zago.

Lalacewar ba rana ɗaya ta zo ba. Allurar agogon ce ta fara tsayawa, aka ce za a kawo sabo daga Kano, damina ta zo ta wuce ba a kawo ba. Garkuwar nan aka ce tana ɓata lokaci duk sanda za a matsar da inji, aka jingine ta a bayan ofis, awaki suna kwana a inuwarta. Wayar da ya kamata a yi ritayarta aka riƙa yi mata ɗori a kan ɗori. Kowa ya gani. Manaja ya gani, hedima, wato shugaban ma'aikata, ya gani.

Ranar da abin ya faru, da safe aka juya injin zuwa wata sabuwar fuskar dutsen, saitin wayar ya koma daidai marken nan. Babu wanda ya taka ya gaya wa matar da ta shekara tana zama a wurin. Wajen azahar yankan ya kusa ƙarewa, tirela tana jira, direban yana ta mita. Isiyaku, mai tuƙa injin, ya fara sassautawa kamar yadda aka koya masa. Ina kusa, na ji hedima da kunnena.

"Wa ya ce ka rage? Ƙara ja mu gama, mota na jira!"

"Ranka ya daɗe, wayar ta gaji."

"In ba za ka iya ba, sauka wani ya hau."

Isiyaku yana da iyali. Ya ƙara ja.

Ƙarar kamar ta bulala ce, sau ɗaya. Wayar ta tsinke ta yi sama, ƙwayoyin suka watse kamar harsashi. Muka dudduba juna, kowa lafiya, har wani ya fara dariyar tsira. Sai muka ji salati daga gindin marke. Yaya Hansai tana zaune yadda take, ludayi a hannunta, jini yana bin wuyanta. Ƙwaya ɗaya ce, ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba. A bayan wata a-kori-kura muka ɗauke ta, a kan hanyar da motocin kamfanin suka riga suka farfashe. Kanta yana kan cinyata. Ba mu kai asibitin Ɗanbatta ba ta cika.

Washegari ina zaman makoki, ina jiyo ƙugin injin daga gabas. Sun yi wa wayar sabon ɗori sun ƙarasa yankan. Da la'asar manaja ya zo gaisuwa da buhun shinkafa a bayan mota, ya durƙusa ya ce, "Sai haƙuri, ƙaddara ta riga fata." Dattawa suka amsa masa. Ni na kasa. Ƙaddara ce ta jingine garkuwa a bayan ofis? Ƙaddara ce ta ce mota na jira? Tun muna makarantar allo aka gaya mana a ɗaure raƙumi tukuna sannan a yi tawakkali. Su sun kwance nasu, ya tattake mutum, sun zo suna mana wa'azi. Ba a kama kowa ba, ba a kori kowa ba. Isiyaku ne kaɗai ya ajiye aiki, ya koma gona, kuma har yau in ya hango ni sai ya sauya hanya, alhali ba shi nake riƙe da shi a zuciya ba. Ni ma ban sake komawa ba.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Dutsen ya zama rabi, an yanke shi kamar sabulu. Wancan kamfanin ya tafi, wani ya zo, an kuma buɗe wasu wuraren a ƙauyukan maƙwabta. Injinan sun fi na da kyau, amma na leƙa na ga wasu ba garkuwa, na ga samari da silifas suna tsallaka waya tana gudu, babu wanda ya zaunar da su ya koya musu yadda ake daidaita ja. Masu zuwa duba aiki kuwa a ofis suke tsayawa. Na san ba za ta yi kuka ba. Mu za ta fara yi wa tas, mu maza, ta ce, "Ku da gemunku, sai an sake kashe wata za ku buɗe baki?" Kuma da gaskiyarta. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa. Mu namu ne ya ƙone, amma har yanzu muna zaune.

Don haka masu kamfanonin dutse, da ku nake. Sauri ya haifi nawa. Agogon da ya mutu a sauya shi. Wayar da ta tsufa a jefar. Kada a tayar da inji sai an kafa garkuwa, an kuma kewaya an ga wa ke zaune a saitinsa, ko mai tallan abinci ce, ko manomi a kunyarsa. Wannan ba alfarma ba ce muke roƙo.

Me ya rage na Yaya Hansai? 'Ya'yanta sun girma, babbar ta gaji muryar, ta gaji faɗan. Amma akwai wani abu da ban sani ba sai kwanan baya. Na bi ta wani wurin yankan dutse da ke nesa da garinmu, ina neman hanyar ratse. Wani ma'aikaci da ban taɓa gani ba ya daka mini tsawa: "Malam, matsa daga nan, kana kan layin Hansai!" Na tambaye shi wace ce Hansai. Ya ce shi ma bai sani ba, haka dai ya tarar ana kiran saitin waya, kuma ba a tsayawa a kai.

Na matsa. Na so in gaya masa mace ce mai dariya, wadda ta goya ni, wadda ta iya shinkafa da wake, amma injin yana ƙugi, shi kuma ya riga ya juya. Ba irin gadon da na so mata ba ke nan. Sai dai in sunanta yana janye mutum daga bakin mutuwa, to har a kabari ba ta daina yi mana faɗa ba. Allah Ya jiƙan ki, Yaya, Ya sa kin huta. Waɗanda suka ce a ƙara ja kuwa, akwai ranar da za a tambaye su, kuma ranar babu motar da take jira.