Katin da Ya Ratsa Katangar Inna

A shekarar da Baba ya rasu, sabis a gidanmu na Faskari wuri ɗaya yake kamawa: saman zaure. Sai ka taka tsani ka ɗaga waya kamar mai kiran kaji. Inna kuwa ta shiga takaba, ko ƙofar zaure ba ta leƙawa, ga Yayata tana Makka wajen aiki, ba ta samu zuwa jana'iza ba. Inna ba ta taɓa cewa a nuna mata fuskar 'yarta ba. Kullum dai sai ta tambaye ni, "Ta kira?"

Ina da wata tsohuwar kwamfuta da nake taƙama da ita, sai na ce zan mai da ita mai raba intanet. Na ɗaure modem a gora saman zaure, na jawo waya zuwa ƙasa. Abin da ya rage shi ne katin wayales da zai watsa wa cikin gida.

Na farkon a Ƙanƙara na saye shi. Mai shagon ya rantse mini yana yi. Yana yin kuwa: karɓa ya iya, bai iya rabawa ba. Haushi ya sa ban ci tuwo ba ranar. Na biyun direba ya kawo mini daga Kano, sabo fil, mai gudun tsiya. Kwamfutar ta gane shi, 'yan zaman makoki a zaure suka yi ta kallon bidiyo. Amma ina tsallaka soron ciki sai ya ɗauke ɗif. Waɗanda suka ƙera shi ba su san katangar ƙasa irin ta kakanmu ba, mai kaurin da jaki zai kwanta a kai.

Inna tana kallona ina zagaye tsakar gida da waya a sama. Ta ce, "Mi ya hana shi shigowa? Ko shi ma kunyar mai takaba yake ji?"

Na yi dariya, amma raina ya sosu.

Wani abokina mai gyaran waya a Sabuwa ya ciro mini na ukun daga wata matacciyar laftof. Tsoho ne, ba shi da sauri, amma zangonsa irin mai ratsa bango ne, kuma ya iya rabawa. Na saka shi da la'asar ban sa rai ba. Na taka har ɗakin Inna, sandunan sabis biyu suna nan ba su gudu ba.

Nan take na kira Yaya ta bidiyo, na miƙa wa Inna wayar. Hoton yana tsayawa yana tafiya. Na zaci kuka za su yi. Inna ta kawo wayar dab da hancinta, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Kin rame, ɗiyata. Kina cin abinci kuwa?" Daga nan ta juya wayar ta nuna mata buzun sallar Baba, yana rataye inda ya bar shi. Sai na fita na ba su wuri.

Yanzu a Kaduna nake, intanet ɗina har banɗaki yana kaiwa. Gidan Faskari a rufe yake tun da Inna ta bi Baba. Ina kewar tsakar gidan nan, ina kewar tsokanar Inna. Wani lokaci Yaya takan kira ni ta bidiyo, sai ta ce in ɗan matso da wayar kusa da fuskata, wai idanuna irin na Inna ne.