Ranar da Garin Ya Ƙi Yin Rawaya

Shekara goma sha tara ke nan Mai Ido tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje, kuma ba a banza ta ci sunan ba. Aikinta jiƙa wani farin gari mai 'yan ƙofofi kamar soso a cikin ruwan magani. Garin ya shanye, in ya shiga jiki ya riƙa saki kaɗan-kaɗan, mara lafiya ya huta da haɗiyar ƙwaya sau uku a rana. In ya sha daidai yakan yi rawaya-rawaya. Kallo ɗaya take yi masa ta faɗa, na'ura ta zo daga baya ta gaskata ta.

Abin da ba ta gaya wa kowa a wurin aiki ba, tun bara zare ya fara yi mata gardama a kunnen allura. 'Yarta ta yi magiya ta je asibitin ido, ita kuwa ta ce sai wani satin.

Ran Litinin ta buɗe farantin da ta jiƙa garin a ciki. Gari fari fat. Aikin wata huɗu ne, masu karɓa kuma suna hanya.

Shugaban ɗakin ya leƙo. "Baba, ya sha?"

"Ina zuwa, ranka ya daɗe."

Ta murje ido, ta sake kallo. Ko garin ne bai sha ba, ko idon ne ya tafi. Ta fi son ta yarda da na farko, don tsoron na biyun ya kai mata har ƙashi. Ta ɗauko kwalbar magani za ta ƙara, alhali ta fi kowa sanin illar ninki a jikin mutum. Ta jawo tsummanta don ta riƙe kwalbar. Tsumman nan rawaya ne, ita ta saye shi, amma yau ya koɗe kamar ya shekara a rana.

Ta ɗaga kai. Ashe a ƙarshen mako mai gyaran wuta ya cire tsofaffin ƙwayayen fitilar ɗakin, ya sa farare masu tsimin lantarki. Ta kai farantin bakin taga. Rawaya ne, daidai yadda ake so.

Shugaba ya dawo ya ji labari, ya yi dariya. "Ai idonki ba ya kuskure, Baba."

Ta ajiye kwalbar, murfin har yanzu a buɗe. "Ranka ya daɗe, saura kaɗan in ninka wa mutane magani don kada in ce maka ban gani ba. Daga yau a fara sa garin a na'ura kafin ni. Gobe kuma ina neman izini, zan je asibiti."