Awa Ukun Kassian

Kassian Obwegs bai fi ni da komai ba, a fara sanin wannan. Shekarunmu ɗaya, aji ɗaya muka zauna, kuma ni nake ba shi amsar lissafi. Ya yi shekara ashirin da bakwai yana raba wasiƙu a ƙauyenmu, ya auri Kreszenz mai ɗinki, suka haifi 'ya'ya mata uku, duk suka koma birni. Iyakar tarihinsa ke nan. Amma ka shiga gari ka ce Kassian, sai ka ga bakin kowa ya washe.

Tun muna da baƙin gashi ƙungiyar masu hawan dutse ta raba mana hanyoyi biyu. Aikin ɗaya ne: ka ɗauki gwangwanin fenti kana shafa ja da fari a jikin duwatsu don kada baƙi su ɓata, ka kuma rubuta a allo awa nawa tafiyar za ta ci. Mu nan da ƙafar mai kula da hanya ake auna hanya. Shi aka ba shi ɓangaren rana, wanda ke hawa zuwa bukkar Notburga, matar da ke dafa wa masu hawan dutse abinci a can sama, inda mutum zai zauna ya hango kwari uku da ƙanƙara a kan tsaunuka. Ni Vitus aka ba ni ɓangaren inuwa: daji, laka da kashin shanu.

Wannan na haɗiye shi. Abin da ya tsaya mini a wuya allonsa ne. Da farko awa biyu ya rubuta. Da gwiwarsa ta fara ciwo ya goge ya sa biyu da rabi. Bayan rasuwar Kreszenz ya mai da shi uku. To baƙi su zo daga birni da sababbin takalma, su ga awa uku, su isa a biyu da kwata, sai su ɗauka su wasu jarumai ne. Su share kwano biyu na dunƙulen burodi a romo, su buɗe littafin baƙi su rubuta: Allah ya saka wa mai kula da wannan hanya. Ni kuwa da allona ke faɗin gaskiya tsakani da Allah, abin da ake rubuta mini shi ne wai akuya ce ta auna hanyar, don mutum ba ya isa a lokacin da na rubuta.

Ina son hanyar nan tasa. Shekara talatin ina son ta, ba zan ɓoye ba, kuma duk ranar da na ji an yabe shi sai abinci ya fita raina.

A taron ƙungiya na farkon bazara, bayan an taso daga coci, na miƙe na ce allon Kassian ƙarya yake yi, tsufa ya cinye ƙafarsa, a ba mai iya tafiya hanyar.

"Wane ne mai iya tafiyar?" in ji Kassian, yana hura kofinsa. "Kai?"

"Ni ɗin dai! Ko goye da kai zan kai a awa biyu."

"A'a, rufa mini asiri, bayanka duk ƙashi ne. Mu haɗu Asabar, Notburga ta riƙe agogo."

Pirmin, shugaban ƙungiya, ya yanke magana: in na kai a awa biyu hanya tawa ce, in ban kai ba kada a sake jin bakina.

Ranar Asabar ƙarfe bakwai na safe muka tashi daga ƙofar coci. Tun a gadar farko na bar shi, ina jin ƙarar sandarsa tana nisa a bayana, raina fari tas. Sai rana ta fito ta dafe mini ƙeya. Shekara talatin ina aiki a inuwa, wallahi ban san haka ranar ɓangaren nan take ba. Da na kai wani waje mai tsakuwa ƙirjina ya ɗauki wuta. Na zauna sau ɗaya, na zauna sau biyu, na uku kam har hulata na cire na yi fifita. Agogon hannuna ban yarda na dube shi ba.

Na tarar da Notburga a bakin ƙofa rungume da agogon kicin, Pirmin da wasu 'yan ƙungiya da suka yi sammako suna zaune a benci.

"Sannu da zuwa, sarkin gudu," ta ce. "Awa uku ba minti biyar."

"Agogon nan naki ya lalace."

"Shekara ashirin da shi nake dafa ƙwai, ba wanda ya taɓa dawo mini da ƙwai."

Bayan minti goma sai ga Kassian yana ɗingishi, yatsunsa da ɗanyen jan fenti. Wato har tsayawa ya yi a hanya yana gyara alamomi, ɗan rainin wayo! Ya zauna, ya daɗe yana mai da numfashi. Na sunkuyar da kai ina jiran dariya, don na san na faɗi, hanya ta tafi ke nan har abada.

"Pirmin," ya ce, "Vitus gaskiya ya faɗa. Ƙafata ta gama. A ba shi hanyar. Kun ga ma ko allon ba sai ya wahala ya sauya ba."

Aka yi dariya, sannan aka hau tafi, kuma shi ake tafa wa. Notburga ta share ido da gefen zanen girkinta, ta kawo masa romo da cuku. Ya turo mini gwangwanin da burushi a kan tebur. Abin da na yi shekara talatin ina so in ƙwace da ƙafata, ga shi an miƙo mini sadaka a gaban jama'a. Na karɓa mana, yaya zan yi?

Ya matso kusa da kunnena ya ce, "Kada ka gode mini, mutumina. Na san zai yi maka wuya."

Ban kuwa gode ba. Bai sake hawa dutsen ba, hanya tana hannuna shekara huɗu ke nan, kuma har yau a garin nan hanyar Kassian ake ce mata.