Hansai Ta Wanke Irin Waken Suya

Duk Toranke babu wanda bai san tsaftar Hansai mai awara ba. Tun tana yarinya a Kademi haka take, in ta share tsakar gida sai ta dawo ta share sawunta. Mijinta Ɗantani yakan ce da kaji za su tsaya, da ta yi musu wanka. Da awarar nan ta raini 'ya'yanta ta aurar, saura autarta Muhsina da ke makarantar koyon aikin gona. Burin Hansai ɗaya ne, a noma mata waken suya a gonar gida. Bana dai, bayan dogon naci, Ɗantani ya yanka mata gefe guda, ya ce in bai yi ba, baɗi gero zai koma.

Muhsina ta zo hutu da wani baƙin gari a leda. Ranar da aka samu ruwan shuka, ita da mahaifinta suka jiƙa ƙaro, suka cuɗa irin waken suyan da garin nan, suka ajiye a inuwar rumbu, suka tafi duba laimar gona.

Hansai ta fito ta ga wake baƙi ƙirin. "Wannan ƙazantar za a kai mini gona?" Ta ɗebo ruwa a bokiti ta wanke shi tas, har yana sheƙi.

Muhsina ta dawo ɗaukar iri, ta ɗora hannu a ka. "Inna! Garin fa? Ai masu rai ne!"

"Garin ne mai rai? Auta, ko rana ta buge ki?"

Muhsina ta ce wasu halittu ne a ciki da ido ba ya gani. Saiwar wake in ta fito, sai ta saki wani sinadari cikin ƙasa, kamar ƙanshin girki. Su kuwa da sun ji, sai su haɗa nasu su aika mata. In ta gane shi, siririn gashinta ya lanƙwasa ya shigar da su, ta gina musu ƙulli su zauna. Suna janyo mata taki daga iska, tana ba su abinci. Na gyaɗa da na waken gida suna nan a ƙasarmu, amma waken suya ba kowa yake amsa wa ba.

"Wato sallama suke yi ta amsa?" Hansai ta tafa hannu, ta zauna kan turmi tana dariya. "Ikon Allah! Shekara da shekaru ina taka bayin Allah suna gaisawa!"

Ɗantani ya shigo ya ji komai. "Dariya ma kike? Leda ta ƙare, kafin a je Gaya a dawo laima ta tafi. A ɗauko gero."

Dariyar ta ɗauke.

Muhsina ta ce, "Inna, kin sa sabulu?"

"Wane sabulu a abin ci?"

"Ina ruwan?"

Hansai ba ta zubar da ruwa a banza. Bokitin yana nan a inuwa, baƙi wuluk, ta ajiye wa zogalenta.

Haka suka ɗunguma gona. Ɗantani yana sara da sungumi yana gunaguni, Muhsina tana jefa iri, Hansai a baya da ludayi tana zuba wa kowane rami baƙin ruwan bokitin, tunda halittun suna ciki. "Bismillah, ku yi sallama da kyau, kada ku ba ni kunya."

Tukur maƙwabcin gonarsu ya ɗago. "Hansai, kunu kike ba gona?"

"Masu aiki na kawo, Malam Tukur, ba ka da irinsu!"

Muhsina ta koma makaranta, amma ta bar mata alama: in cikin ƙullin ya yi ja, suna aiki. Da waken ya kusa fure, ganye kore shar, Hansai ta tuge ɗaya. Ga ƙulle-ƙulle nan reras a jikin saiwa. Ta fasa guda da farce, ja kamar an tauna goro. Ta rangaɗa guɗa har tsuntsaye suka tashi.

Ɗantani ya karɓa, ya juya shi, ya sake juyawa. "To, baɗi ma gefen nan naki ne. Amma iri a ɗakina zai zauna, da kwaɗo."