Turmin Ɗiyar Masassaƙi

A Attantane in ka tambayi gidan Inusa masassaƙi, kowa zai nuna maka. In kuwa Inusan kake nema, sai dai a yi maka dariya a ce ka shimfiɗa tabarma ka jira. Mutumin nan tun yana saurayi ƙafarsa ke ƙaiƙayi. Shi da wansa Na Allah gindin iccen bedi guda ubansu ya koya musu riƙon gizago. Na Allah ya zauna a gindin bedin nan har furfura ta same shi, shi kuwa Inusa ko damina da ƙyar take riƙe shi a gari.

Hannu dai Allah ya ba shi, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Turmi ne, taɓarya ce, akushi, ƙotar hauya, kujerar mata, duk wanda ya fito daga hannunsa ba ya kwana biyu a kasuwar Mayahi. To amma fa sai ya zauna ya yi. Da an ɗaure gero an sa a rumbu, sai ka ga Inusa ya fara kai-kawo tsakanin zaure da bakin hanya, yana tare direbobi da tambaya. Sauran maza suna tafiya ci-rani su dawo da atamfa da waya sabuwa. Shi sai ya dawo da guntayen icce cikin aljihu, da labari cike da baki.

Ba neman kuɗi ke kai shi ba, kallo ne. Duk inda ya ji an ce akwai masu sassaƙa, sai idonsa ya gani. Ya yi kwana uku a Kasuwar Kurmi ta Kano tsugune gaban masu allo da akushi, har suka zaci ɗan leƙen asiri ne. Ya je Bida ƙasar Nufawa don kawai an ce masa suna fitar da kujera mai ƙafa goma daga gungume ɗaya, ba ƙusa ba haɗi. Ya ƙirga ƙafafun da yatsa, ya kifa kujerar ya leƙa cikinta, sannan ya yarda. Ya kai har Fumban ta Kamaru, inda ya tarar da layi guda na masassaƙa hagu da dama suna fitar da fuskokin mutane daga icce. Ya ce da ya ga gumakan nan sai da ya yi a'uzubillahi, sannan ya ƙara matsawa kusa don ya ga irin wuƙar da suke yanka gashin ido da ita. Yana da karatu guda da yake yi wa duk mai shirin tafiya: in ka sauka garin mutane kada ka tsaya inda aka jera kaya ana sayarwa, ka bi ƙarar gizago har bayan gida, can aikin yake.

Matarsa Zara'u ta gaji da faɗa tun da daɗewa. In maƙwabta sun tambaye ta ina maigida, sai ta ce, "Ya tafi gaida icce." Maza huɗu ta haifa masa, sannan auta mace, Shamsiyya. A kan Shamsiyyar nan maganar take.

Gidansu Inusa suna da al'ada tun kakanni. Ɗiyar gidan ba ta shiga ɗakin miji da turmin kasuwa. Ubanta ne zai sare kirya da hannunsa, ya sassaƙa mata, ta daka a ciki har ta tsufa. Na Allah ya yi wa ɗiyansa mata uku, kafin ciwon kafaɗa ya raba shi da aikin turmi. Inusa kuwa ɗiya ɗaya gare shi, kuma kirya ɗaya ta rage a gonar gado, wadda gindinta turmi guda kawai zai bayar. Kirya icce ne mai taurin kai. Sai an ƙwaƙule turmin rabi tun yana ɗanye, a shafe baki da gindi da kashin shanu, a kife shi a inuwa kwana arba'in ya sha iska a hankali, sannan a ƙarasa. Ko yaron goye a gidan ya san wannan.

Da aka sa ranar bikin Shamsiyya da wani malamin lakwal, wato makarantar boko, na Mayahi, wata uku cif ya rage. Na Allah da kansa ya je ya karɓo takardar izinin sara daga ma'aikatan daji, ya kawo wa ƙanensa har zaure.

"Ga takarda. Gobe ka sare iccen nan," in ji shi.

"Yaya, ai da sauran lokaci."

"Lokacin naka ne ko na iccen? Inusa, ka ji tsoron Allah ka zauna."

Da zai zauna ɗin. Wallahi har ya koɗa gatari. Sai tsautsayi ya haɗa shi da wani direban kamiyon, babbar motar albasa, mai zuwa Gana, ya ba shi labarin wani ƙauye kusa da Kumasi, Ahwiya, inda gari guda ba su da sana'a sai sassaƙa kujerun sarauta. Ya nuna masa hoto a waya. Shi ke nan, an taɓo wa Inusa inda yake masa ƙaiƙayi. Kwana biyu yana shiga yana fita, ya ɗauki gatari ya ajiye, tuwo ma a tsaye yake ci. Rana ta uku Zara'u ta same shi yana cusa riga cikin jaka.

"Malam, ina kuma?"

"Sati biyu ne kawai. Zan gano wa yarinyar nan zanen da ba a taɓa gani ba a ƙasar nan."

"Zane ta ce maka tana so? Turmi take so!"

Shamsiyya tana bakin murhu tana jin su. Sai da ya rataya jaka, sannan ta ce, "Baba, a dawo lafiya. Ina jira." Ya ce mata ko da ƙafa zai tako, turminta ba zai makara ba.

Ahwiya kuwa ta fi yadda aka faɗa masa. Tun daga bakin hanya yake jin sara ta ko'ina, rumfa bayan rumfa, ɓawon icce fari fat har idon sawu. Ya samu wani dattijon Ashanti mai jin Hausa kaɗan-kaɗan, ya tsuguna gabansa, dattijon ya ga yadda baƙon ke kallon hannunsa, ya miƙa masa gizago. Sara uku Inusa ya yi mutumin ya tafa hannu ya kira maƙwabta. Kai, ranar nan Inusa ji ya yi kamar an naɗa shi sarauta. Iccensu laushi gare shi, wuƙa na shiga kamar ana yanka kabewa. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne ba sa jiran kwana arba'in. Ya ga dattijon ya gama kujera da ɗanyen icce, ya ɗora ta bisa hayaƙi 'yan kwanaki, ta fito a bushe ba ko tsaga. Inusa ya riƙe baki ya ce ashe wahalar banza muke sha a gida.

Sati biyu suka zama wata biyu. Zara'u ta kira shi a waya, ya ce gobe. Ta sake kira, ya ce jibi, akwai wani gari gaba kaɗan inda ake sassaƙa ganguna, ba zai zo har nan ya koma bai gani ba. Can cikin ransa yana jin abin yana cizonsa, amma da ya tuna da hayaƙin dattijo sai hankalinsa ya kwanta. Ga kuma hanya ta yi masa gardama a dawowa, mota ta lalace, aka yi ta zaman jira. Ranar da ya sauka Attantane kwana goma sha biyu suka rage a ɗaura aure.

Ko ruwa bai gama sha ba ya ɗauki gatari ya nufi gona. Ya kayar da kiryar, aka jawo gindin da amalanke. Kwana biyar yana sara tun daga asuba har rana ta faɗi, ba ya kula kowa. Aiki kam ya yi aiki. Ya fitar da turmi mai ƙugu siriri da gindi mai faɗi, ya zagaye shi da zanen da ya kwaso daga Bida da Kumasi. Mata suka riƙa leƙowa ta kan darni suna salati. Shamsiyya ta zo ta shafa shi da tafin hannu, ta yi murmushi ta ruga ɗaki.

Da Na Allah ya ga ƙanensa yana haƙa rami yana tara ƙirare da ƙaiƙayi, sai ya tsaya.

"Mi za ka yi da wuta?"

"Busar da shi zan yi, Yaya. Haka ake yi a Gana. Da idona na gani."

"Gana ruwa ke cikin iskarsu, kai da kanka ka ce riga ba ta bushewa. Nan fa? Kuma iccensu kirya ne?"

"Icce ai icce ne."

"Shekara arba'in kana sassaƙa ka ce mini icce icce ne? Sauri ya haifi nawa, Inusa. Ka kife shi a inuwa, a kai mata shi bayan biki."

Shawara ce mai kyau, amma Inusa ya ga kamar faɗuwa ce a ce amarya ta tafi turmi ya biyo baya, bayan ya cika baki. Ya ɗora turmin bisa duwatsu uku, ya sa hayaƙi.

Rana ta farko lafiya, ta biyu lafiya. Rana ta uku da hantsi, ana cikin tankaɗen gari a tsakar gida, sai aka ji ƙas! kamar an harba bindiga. Inusa ya fito da gudu ba takalmi. Turmin ya tsage tun daga baki har gindi, tsagar da hannun mutum zai shige. Ya durƙusa yana matse shi da hannu biyu kamar zai koma. Zara'u ta dubi fuskarsa, ta juya ta koma kan tankaɗenta. Wannan juyawar ta fi masa zagi ciwo.

Ranar kasuwar Mayahi, Inusa da ya zaga kasuwannin ƙasa uku yana duba aikin mutane, ya shiga layin masu turmi a matsayin mai saye. Duk sun san shi. Wani ya ce, "A'a, Malam Inusa, yau kallon namu aka zo?" Ya ce a'a, saye ya zo yi. Suka matsa suka ba shi hanya. Ya bi turame ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da ƙashin yatsa yana kasa kunne, har ya samu wanda ya bushe sosai, marar ado ko ɗaya. Bai taya ba. Ya ɗora shi a kai da kansa zuwa tasha, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Ranar kai kaya aka fito da komai ƙofar gida, dangin ango mata suna dubawa kafin a loda a mota. Inusa yana cikin zaure, ya kasa zama ya kasa fita. Gwaggon ango, wata tsohuwa mai baki, ta dafa turmin ta ɗaga murya.

"To, ga abin da muke ta jin labari! Amarya, wannan shi ne aikin hannun baban naki?"

Shamsiyya tana tsaye bakin ƙofa cikin lulluɓi, ƙawaye kewaye da ita. Zara'u ta sunkuyar da kai. Inusa ya riƙe numfashi, don ya san ɗiyarsa ba ta ƙarya, kuma ya san abin da ya cancanta.

"Babana ne ya zaɓo mini shi da kansa, Gwaggo," in ji Shamsiyya. "Duk ƙasar nan ba wanda ya kai shi sanin turmi."

Tsohuwa ta ce madalla, aka rangaɗa guɗa, aka ɗaga turmi aka sa a mota. A cikin zaure Inusa ya zame ya zauna a ƙasa, ya ja bakin rawani ya rufe fuska, ya yi kukan da bai yi ba tun rasuwar ubansa. Da ta zage shi gaban mutane da ya fi masa sauƙi.