Mutum Biyu a Fayil Ɗaya

Mahaifina da ƙanensa, Baffa, sun yi shekaru masu yawa suna amfani da fayil ɗaya a asibiti. A gidanmu na unguwar Bani Harisa a Madina ba wanda ya ɗauki wannan a matsayin laifi. Haka muka taso muka tarar.

Asalin abin daga kakanmu ne. Ya zo aikin Hajji ta Sudan, ya zauna a Madina, ya haifi 'ya'ya maza biyu. Lokacin da aka rubuta iyalinsa a takardar zama ɗan ƙasa, Baba yana gida, Baffa kuwa yana Yanbu, garin bakin teku, wajen wani ɗan'uwa da ke koya masa su. Kaka ya ce idan yaron ya dawo sai a ƙara shi. Kafin yaron ya dawo, kaka ya rasu. Daga baya an yi ta yawo da takardu ofis-ofis, ana cewa a kawo shaidar da babu ita, har aka gaji. Baba ya samu hawiyya, wato katin ɗan ƙasa. Baffa bai samu komai ba, ko fasfon wata ƙasa, domin babu ƙasar da ta san da zamansa.

Sai suka raba hawiyyar tsakaninsu. Sun yi kama ƙwarai, doguwar fuska da wushirya, sai dai Baffa ya fi duhu saboda rana da gishiri. Lasisin jirgin kamun kifi da sunan Baba aka yanka, alhali Baba ko a kwalekwale bai taɓa zama ba. Idan Baffa ya yi ciwo sai ya biyo motar masu kawo kifi Madina, ya karɓi katin, ya tafi ƙaramin asibitin unguwa. Magatakarda ya dubi hoto, ya dubi fuska, ya zaro fayil na takarda daga kanta. A cikin fayil ɗin akwai ƙugiyar da ta huda tafin hannu, akwai karayar haƙarƙari biyu, daga baya kuma ciwon suga ya shiga. Baba, wanda ya yi aikinsa a gidan ruwa har ya yi ritaya ba tare da abin da ya wuce mura ba, yakan ce shi ne ya fi kowa jinya a unguwar, amma a takarda.

Teku ce ta fara rufewa. Wurin da Baffa ke su tun yana saurayi ba shi da nisa da gaɓa, ruwa ne marar zurfi a tsakanin duwatsun murjani, inda ƙaramin inji ya isa kuma ba mai tambayar kowa takarda. Aka shata wurin aka ce ya zama mahmiyya, yankin da aka hana su a cikinsa don kifi da murjani su farfaɗo. Aka ba masu lasisi wasu wurare can ciki, amma kowane jirgi sai an duba wanda ke cikinsa wajen fita da wajen dawowa. Baffa ya ɗaure jirgin, ya rufe injin da tsohon bargo, ya zo Madina da jaka ɗaya. Muka ba shi ɗakin ƙasa kusa da ƙofa.

Mutumin da ya saba jan raga tun asuba ya koma zama. Sugansa ya hau. A wannan tsakanin ne kuma aka kwashe fayilolin takarda aka zuba su a kwamfuta, kowane mutum da nasa guda ɗaya, wanda likita zai iya buɗewa a duk asibitin da ka shiga. A ƙofar asibitin unguwarmu aka ajiye na'urar basma: ka ɗora ɗan yatsa, hotonka ya fito. Baffa ya je sau ɗaya, ya hango na'urar daga bakin ƙofa, ya juyo.

Baba ya ce abin mai sauƙi ne, shi zai riƙa zuwa da kansa ya karɓo maganin. Ya je, likita ta sa aka ɗebi jininsa. Da sakamako ya fito ta yi masa barka, ta ce ba ta taɓa ganin mai shekarunsa ya gyara kansa haka ba, ta tambaye shi abin da yake ci. Sannan ta rage allurar da rabi, ta ce ya dawo bayan wata uku.

Ranar komawa na tarar da shi bayan sallar asuba a zaune gaban faranti cike da dabinon Ƙuba, ga shayi da ya zuba wa suga cokali biyar. Yana ci yana yamutsa fuska, domin Baba bai taɓa son zaƙi ba. Baffa na gefe yana miƙa masa.

“Yaya, ƙara uku. Ni da na saba na ke gaya maka.”

“Kai ka ci naka shekara da shekaru cikin daɗi, ni ka bar ni da na dole.”

Na ce musu gwajin da za a yi ba na safiyar ba ne, sugan wata uku yake nunawa, dabinon yau ba zai taɓa shi ba. Baba ya dube ni da dabino a hannu, ya ce 'yan boko kullum da labarin da ba a tambaye su ba. Ya cinye farantin. Ya je, ya dawo da amai da kuma labarin cewa likita ta soke allurar gaba ɗaya.

Allura muna iya saye a kantin magani, wannan bai gagare mu ba. Abin da ya gagare mu shi ne ƙafar Baffa. Wani ɗan rauni ya fito masa a ƙarƙashin babban yatsa na hagu, ya ƙi warkewa. Asibitocin kuɗi ma hawiyya suke tambaya, kuma a fayil ɗin nan guda suke rubutu. Wani ma'aikacin jinya ɗan Nijar da ke haya a layinmu yana zuwa yana wanke raunin, amma tun zuwansa na uku ya ce wannan ya fi ƙarfin auduga.

Shi ya sa na je wurin kansiloli. Mutum biyu ne daga cikin mutanenmu da suka zauna a majalisar baladiyya, wato majalisar gari, ɗaya a nan Madina, ɗaya a Yanbu, kuma taubasai ne. Duk ranar da na Yanbu ya shigo gari sukan zauna bayan La'asar a wata tsohuwar gonar dabino a Ƙuba, mai buƙata ya same su a can. Na nan tsohon malamin makaranta ne, mai jiki da murya. Na Yanbu siriri ne, ya yi aiki a matatar mai. Na same su sun riga sun fara musu.

“Ga masu yi wa kifi katanga,” in ji na Madina, yana zuba mini gahawa. “Ya waladi, ɗana, a garinsu kififfiya ta fi mutum gata. Tana da yankinta, tana da masu gadinta.”

“Kai da ba ka taɓa ganin teku ba sai a kwanon sayadiyya, shinkafa da kifi,” in ji na Yanbu. “Ni na ga wurin nan kafin a rufe. An kwashe shi har ƙwai. Murjani ya yi fari kamar ƙashi. Masunta da kansu suna fita su dawo da abin da bai cika bokiti ba. Yanzu jikana ya leƙa daga gaɓa ya ga kifin da rabona da shi tun ina yaro. Da an bar mu da halinmu, wallahi da ba abin da za mu bar wa na baya sai gishiri.”

“To ka ci kifin da ido.”

“Gara ni. Kai fa da kwamfutarka? Na shiga wurin likita na fito, bai ɗago kai ba. Allo yake kallo. Ya san jinina, bai san ko ina da gemu ba.”

Na Madina ya ajiye butar gahawa. Ya ce mahaifiyarsa ta taɓa kwana uku a sume saboda an ba ta maganin da jikinta ba ya karɓa, fayil ɗinta yana wani asibitin a ɗaure da igiya. Ya ce yau ko a hanyar Tabuk mutum ya faɗi, likitan da bai taɓa ganinsa ba zai san abin da zai ba shi da abin da zai kashe shi. Ya ce duk wanda ke kewar takarda bai taɓa neman fayil da mara lafiya a mota ba.

Na bari suka lafa. Sannan na ce akwai wani mutum da na sani, an haife shi a nan, ba shi da takarda, yana jinya da lambar ɗan'uwansa, yanzu kuma ƙafarsa tana baƙi.

Na Yanbu ya juya ƙaramin kofinsa a hannu.

“Kada ka faɗi sunansa,” in ji na Madina. “Idan ka faɗa, na ji ke nan.”

“Na sha cin kifinsa,” in ji na Yanbu, a hankali. “Na ga jirgin a ɗaure. Lokacin da ake rubuta masuntan da abin ya shafa na nemi a sa kowa, aka ce a kawo hawiyya. Sunan da ke kan lasisin kuma na wanda ba masunci ba ne.”

Na tambaye su abin da majalisa za ta iya yi. Na Madina ya ce majalisarsu ta kwalta ce da shara da fitilun titi. Teku ba tasu ba ce, asibiti ba nasu ba ne, ra'ayi kawai suke da shi kamar kowa. Ya ce hanya biyu ce. Ta farko, a je a faɗi gaskiya: za a yi wa mara lafiya magani, wannan ba ya shakka, amma bayan nan za a buɗe bincike, za a kira mai katin, kuma ba wanda zai iya gaya mini inda maganar za ta tsaya, ga mai katin ko ga wanda ba shi da ƙasar da za a mayar da shi.

“Ta biyun fa, Malam?”

Ya shafa fuskarsa. “Babu ta biyu, ya waladi. Na ce biyu ne don kada in sallame ka da ɗaya.”

A mota, a hanyar komawa, na nemi abin da zan zarge su da shi ban samu ba. Kifin ya dawo. Fayil ɗin yana ceton mutane. Duka biyun an gina su ne a kan cewa kowane mutum yana da lamba.

Na gaya wa Baffa hanyar farko. Ya saurara har na gama, ƙafarsa a kan matashi.

“Ɗana, hawiyyar Yaya ita ce rufin gidan nan. Kai da ƙannenka duk a ƙarƙashinta kuke. Ba zan huda rufi don ƙafa ɗaya ba.”

Baba ya ce shi ya yarda a je a faɗa, ko me zai biyo baya. Baffa ya ce idan aka kai shi da wannan niyyar zai ce bai san mu ba. Suka yi kwana biyu ba sa magana, abinci kawai Baba ke kai masa ya ajiye.

Bayan kamar mako uku, wata safiya, Baffa bai fito sallah ba. Zuwa hantsi jikinsa ya yi zafi kamar murhu, yana kiran mutanen da suka daɗe da rasuwa su ja raga. Warin ƙafar ya cika ɗakin. Baba ya tsaya a kansa, sannan ya zaro hawiyyar daga aljihu ya miƙo mini.

“Kai za ka kai shi. Ni zan zauna, kada a gan mu tare.”

“Baba, ka san abin da za a rubuta.”

“Na sani. Ɗauke shi.”

A sashen gaggawa ba a neman basmar wanda ba ya cikin hayyacinsa. Ma'aikaciyar ta ce in ba ta lamba, na karanta mata. Ta dubi katin, ta dubi tsohon da ke kan gado da abin numfashi a fuska, ta buga. Likitan ya buɗe fayil, ya ga tarihin suga, ya ga an soke allura, ya girgiza kai. Aka kawo takardar izini, na sa hannu a matsayin ɗansa. Kafin Magariba an yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Ya yi kwana goma sha biyu a kwance. Baba bai je ko sau ɗaya ba. Yakan zauna a tsakar gida da waya a hannu, saƙonnin asibiti suna shigo masa da sunansa: ranar cire zare, ranar gwajin ƙafar roba. Da aka sallami Baffa ba mu koma ko ɗaya daga cikin waɗannan ranakun ba, domin mai zuwa da hayyacinsa sai ya ɗora yatsa. Ma'aikacin jinyar layinmu ne ya cire zaren a gida.

Yanzu a duk asibitin da ke ƙasar nan mahaifina mutum ne mai ƙafa ɗaya. Shekarunsa sun ja, kuma tun bara numfashinsa ya fara gajarta. Makon jiya yana hawa bene ya tsaya a mataki na uku, ya dafa ƙirji, ya zauna a wurin. Leɓɓansa sun yi toka-toka. Na ɗauko makullin mota.

“Mayar da shi,” ya ce.

“Baba, asibiti minti goma ne.”

“Idan na shiga da ƙafafuna biyu, me za ka ce musu?”

Daga ɗakin ƙasa Baffa ya ɗaga murya yana tambayar abin da ya faru. Baba ya ja numfashi sau biyu kafin ya iya magana, ya ce ba komai, takalminsa ne ya zame. Na mayar da makullin kan ƙusa, na zauna a matakin da ke ƙasa da nasa har ya iya tashi.