Gayya Cikin Lumshi

Ƙanena zabiya ne. A ƙauyenmu, can gefen Karofane, shi kaɗai Allah ya yi haka, kuma tun yana goye ni ce mai binsa da zane ina rufe masa kai. Har ya yi gemu ban bari ba. Masifaffiya ce ni, ban musa ba, amma rabin masifata a kan fatar yaron nan ta ƙare.

Shekarar da ya fara neman aure wani ɓawo ya fito masa a bayan kunne, ya bushe ya ɓare ya sake dawowa. Na tasa shi gaba har Buza. Majo, babban ma'aikacin jinya na gidan likita, ya ƙona wurin, sannan ya zaunar da mu. Ya ce cikin hasken rana akwai wani haske da ido ba ya gani, jiki ma ba ya jin zafinsa, shi ke cin fatar da ba ta da baƙi, kuma irin wannan ɓawon shi ke rikiɗa ya zama ciwon daji. Daga hantsi zuwa la'asar, malafa da riga mai dogon hannu. Ko da hadari, in ji shi, don gajimare ba ya tare shi.

Da damina ta kankama, uban yarinyar da yake nema ya kira gayya. A wurinmu mai neman aure shi ke jan samari zuwa gonar surukai, kuma in ganga ta ɗauka kowa tuɓe riga yake ya kama layinsa, dattawa na gindin gawo suna duba bayan da zai ciyar da 'yarsu. Dama tsohon, uban nata, yana ta jan ƙafa. Ana ta raɗa cewa ya ce bai ga abin da farin mutum zai tsinana a gona ba.

Ranar gayyar gari ya tashi da lumshi, iska mai sanyi, ba ko inuwar mutum a ƙasa. Inna har hamdala ta yi. Ni kuwa na tare ƙanena bakin zaure.

"Ka ji abin da majo yac ce. Kak ka hidda rigag ga."

"Yaya, ina ranat take? Duba sama."

"Ban san duba sama ba. Ka hidda ta, ni da kai ne."

Ya yi dariya ya saɓa hauya.

Mu mata muka bi su da fura. Da na isa an yi nisa, yana tsakiya da rigarsa da malafarsa, shi kaɗai, kamar baƙo. Na ɗan samu numfashi. Sai makaɗin ya matso kusa da shi yana yi wa na gefensa kirari, yana tsallake shi. Wani cikin 'yan uwan yarinyar ya ɗaga murya: "A kawo ma ango lema!" Aka kwashe da dariya, har gindin gawo.

Na ga ƙanena ya tsaya. Na ajiye ƙwarya na nufe shi, Inna ta riƙe mini zane ta ce in na shiga tsakanin maza na gama kashe masa aure. Gaskiyarta ce, shi ya sa na ji kamar in cije ta. Ina tsaye ya cire malafar, ya tuɓe rigar, ya jefar kan kututture.

Wallahi ya yi noma. Ban taɓa ganin ƙanena haka ba. Ya wuce na dama, ya wuce na hagu, ganga ta koma bayansa, mata na guɗa. Ni kaɗai nake kallon sama ina roƙon ruwa ya sauko ya watsa taron. Bai sauko ba. Azahar ta yi, ta gota, bayansa ya tashi daga fari ya koma ja, shi ko a jikinsa, don iska na kaɗa shi. Da aka tashi tsohon da kansa ya miƙa masa ludayi, ya dawo gida yana tafiya kamar an naɗa shi sarauta.

Kafin magariba ya fara rawar sanyi. Washegari bayan nan duk ya yi bororo, daga wuya har ƙugu, ko zane bai iya taɓa shi. Yana kwance rub da ciki ina ɗiga masa ruwan randa, ina kuka ina zaginsa, sai ga sallama. Tsohon ne, ya zo yi wa gwarzon jiya godiya. Kafin in jawo abin rufa masa ya riga ya shigo.

Ya daɗe yana kallo. Ya yi sannu, ya ƙara sannu. Sannan ya juya wurin Inna, murya ƙasa-ƙasa, ba da mugunta ba:

"Jiya hwa ko rana ba a yi ba."

Ya yi sallama ya fita. Bayan kaka aka ba da yarinyar ga wani a garin Deule.

Ranar da labari ya zo ina shafa masa mai a tabon, na ɗaure fuska ina jiran ya yi kuka in rarrashe shi. Bai juyo ba.

"Yaya," ya ce, "amma kin ga noman ko?"

Na ce na gani.